Littafin Awo

Ni tela ne a bakin kasuwar Tawa.
Tarihi ban san shi ba, awo na sani.
Amma in Kanal Tankari Nomau kuke tambaya,
ku zauna, yana cikin littafin nan,
shafi bakwai, da shuɗin biro.

Ran da ya fara zuwa, ƙugu saba'in da huɗu,
saurayi kamar karan dawa,
kakin da aka ba shi ya yi masa burum.
Ya ce, rage mini, kada in zube daga ciki wurin fareti.
Na rage. Bai biya ba sai da wata ya mutu,
ya haɗo da albasar Galmi uku, wai ladan haƙuri.

Daga nan arewa ta haɗiye shi.
Shekara huɗu shiru,
sai wani direban tanka ya miƙo mini riga a leda,
hannun hagu a yage, bakin yagar a ƙone,
da 'yar takarda: A gyara.
A yi mini aljihu daga ciki, saitin zuciya.
Ban tambayi wutar da ta lashe ta ba.
Allura ba ta tambaya.

Ya dawo da anini uku a kafaɗa,
ƙirji ya ƙaru, dariya ta ragu da kamu guda.
Ina zagaya igiyar awo na ji takarda ta yi ƙara.
Ya ce, sunaye ne, goma sha ɗaya.
Ni na tafi da su.
Ya ɗaga hannu in auna hammata, muka yi shiru.

Sai gwamnati ta ce ya rataye kaki
ya riƙe ma'aikatar ruwa.
Ya zo yana ƙunƙuni:
kaftani, ban da aiki a wuya,
aljihun nan kuma kar ka manta.

Soja ne har a kan kujera.
Bakwai da minti ɗaya ya kulle ƙofa,
ɗan yayarsa ma ya wuni a rana.
Sun tsane shi. Ni ma na ɗana,
ran da na roƙa wa ɗana aikin masinja
ya ce, ya je ya zauna jarrabawa kamar kowa.
Wata shida ban gaishe shi ba.
Kaftaninsa na salla na matse shi da gangan.
Ya sa, ya je idi, ya dawo,
bai ce uffan ba.

Takarda ta biyu ta shiga aljihun:
ƙauyukan da ke tsakanin Keita da Buza
inda mata ke fita da jarka tun kafin assalatu.
Dutsen Adar ya karya masa haƙoran inji,
ya kwana a gindin mota yana jiran wasu.
Duk inda ruwa ya fito, ya ja layi a kan suna.
Tudun Baushe sau uku ana haƙa,
sau uku rami na amayar da ƙura.
An canja shi kafin na huɗu.

Da tsufa ya zo, kan bencin nan yake shan shayi,
yana gyara wa yarana zama, wai ƙashin baya amana ne.
Wando ya dinga dawowa ana ragewa,
casa'in, tamanin da biyu,
har muka koma saba'in da huɗu.
Ya ce, ka ga, ban ci komai ba.
Na ce, ka ci mini kuɗin maɓalli na shekara talatin.
Ya yi dariya, ta cika kamun nan da ya ɓace.

Daren Laraba ɗansa ya buga ƙofa da farin yadi.
Ban buɗe littafi ba, hannuna ya haddace shi.
Na yanka, na haɗa,
yatsana ya tafi saitin zuciya da kansa,
sai na tuna wannan rigar ba a yi mata aljihu.

Yaron ya bar mini takardun biyu.
Ga su nan, gumi ya cinye gefensu.
Goma sha ɗaya, ba layi ko ɗaya a kansu.
Ƙauyuka ashirin da shida, duk an ja,
sai guda.

In cikinku akwai mai zuwa wajen Buza,
ya duba mini ko sun samu ruwa.
Biron yana nan, bai bushe ba.