Akwati Mai Ɗaki Bakwai

Shekara talatin da ɗaya mahaifina Eulogio
yana tuƙa keken tudu a Valparaiso,
ɗakin ƙarfe mai tagogi, ɗaure da igiyar waya,
ɗaya na hawa, ɗaya na sauka,
masu kifi su hau da kwandunansu,
'yan makaranta su gangara da hayaniyarsu.
Daga nesa yakan gane kukan igiya in ta gaji.
Tasa da ke cikin ƙirji, bai ji ta ba.

Ranar da ta yi kuka, a kan matakala ne,
ta saba'in da huɗu daga bakin titi, ya ƙirga.
Ya zauna, ya ce wani ya ɗora masa buhun siminti.

Tun daga nan, kowane daren Lahadi
nakan buɗe akwatin roba mai ɗaki bakwai
in raba wa kwanaki rabonsu.

Asfirin ce ya fi rainawa.
"Wannan ai ta ciwon kai ce."
Likita Fresia ta ce a'a,
ita ke hana jini yin cincirindo
a inda hanya ta ƙuntata.
Bayan abinci, kar ta ƙwaƙule ciki.

Furosemid da sassafe kawai.
Sau ɗaya ya sha ta da magariba,
ya kwana yana sintiri tsakanin gado da banɗaki,
yana tsine wa wanda ya ƙirƙiro ta.
Amma takalmansa na zuwa coci
da kumburi ya raba su da ƙafa wata huɗu
sun sake shiga.

Enalafril ta zo da tari busasshe.
Maƙwabciyarmu Zoila ta kawo zuma da lemun tsami,
sati uku, tari na nan daram.
Ashe ba sanyin teku ba ne.
Aka sauya ta da losartan, gida ya yi barci.

Ta dare, atorbastatin, mai rage maiƙon jini,
ba ya gardama da ita, don ba ya jin aikinta.
Gishiri ne kawai yake wa makoki.
Ya leƙa taga, ya ce,
"Dubi teku, Herminia, duk gishiri ne,
ni ko ɗan barbaɗe an hana ni."

A aljihun rigarsa na hagu
akwai 'yar kwalba, nitirogilisarin.
In buhun ya dawo: zauna tukuna,
ɗaya a ƙarƙashin harshe,
minti biyar in bai ɗaga ba, a kira motar asibiti.
Na rubuta haka na manna a ƙofar firji.

Sai bisofrolol, wadda ya sa wa suna Birki.
A watan Yuli, tsakiyar sanyi, ya ji garau,
ya ce lafiyayye ba ya shan magani.
Kwana uku yana binne ta a tukunyar fure.
Daren na huɗu zuciyar ta ɓalle da gudu
kamar keken da igiyarsa ta tsinke.
A asibiti ban ce masa komai ba.
Shi ya juya fuska bango, ya ce,
"Ni da ban taɓa sakin birki a tsakiyar tudu ba."

Jiya mun hau keken tare.
Wani saurayi ne ke tuƙi, bai san shi ba,
ya karɓi kuɗinmu kamar na kowa.
Jiragen ruwa suna ƙanƙancewa a ƙasa.
Baba ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa,
idonsa a kan agogo, leɓɓansa na motsi.

"Sittin da biyu," ya ce.
Sannan ya karkata kunne ga igiyar,
ya taɓa kafaɗar yaron:
"Tana son mai."