Rigar Dalma

Talata a Preston, ruwa na tsiyaya tun asuba,
mu bakwai a ɗakin horo, shayi ya huce a kofin takarda.
Moira Pendlebury ta ɗaga rigar da hannu biyu,
ta ce: wannan ba a ninke ta, rataye ta ake yi.
In ta tsage ta ciki, ido ba zai faɗa miki ba.

Ni na saba da abin da ke da wari.
Jini na san shi, amai na san shi,
na san numfashin mai shirin suma tun na'ura ba ta yi kuka ba.
Amma wannan wuta ba hayaƙi, ba toka,
ba ta ƙuna yau,
bashi take rubutawa.

Ta ce: ba bakin injin kaɗai ne abin tsoro ba.
Haske kan faɗa wa majinyaci ya fantsamo
kamar ruwan famfo a bayan cokali,
mai riƙe da haɓarsa ita ke jiƙewa.
Mai riƙon haɓar kuwa ni ce,
shekara huɗu ke nan.

Ninka nisanki, in ji ta, rubu'i ne zai iso ki.
Na yi murmushi ni kaɗai:
ashe har a nan ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Da la'asar aka turo Mista Entwistle,
tsakuwa ta toshe masa hanyar maɗaci, ido kamar kwaiduwa.
Tiyo mai ido ya bi maƙoshi ya gangara.
Dalma a kafaɗa, dalma a wuya, gumi na bin gadon bayana.
Likita ya ce "Haske!" kafin ya taka.
Na ja taki guda,
idona bai bar ƙirjin tsohon ba.

Ɗan bajin da ke maƙale a rigata ba ya magana,
sai an aika da shi a karanto abin da ya sha.
Akwai wani kuma, shi ma bai fara magana ba,
sati bakwai. Ko Sagiru bai sani ba.
A gidanmu ba a faɗa sai zane ya faɗa.

Na rataye rigar, kafaɗa daidai da kafaɗa.
Na daɗe a ƙofar Moira, kunya na jan gefen hijabina.
Na ƙwanƙwasa.
Ta ɗago, ta ga inda tafina ya sauka,
ta ajiye biro,
ta jawo mini kujera.