Lissafin Ɗan Dako

A kasuwar albasa ta Aliero
buhu ake ƙirga wa mutum, ba a ƙirga gumi.
Ashirin nake hawarwa tirela kafin azahar,
sai baya ya ce ya isa,
in zauna gindin taya ina haki.

Labbo ne ya buɗe mini tafin hannunsa.
Ƙwaya biyu, rabi kore, rabi rawaya.
"Ba ta maye ba ce, Arzika, ta gajiya ce."
Na kora da ruwan leda.
Ranar arba'in na ɗora,
har direba ya tambayi sunana.

Ba wanda ya ce mini rance ne.
Ƙarfin gobe nake ci yau,
mai bashin kuwa ba ya aiko yaro,
da ƙafarsa yake zuwa, da asuba,
ya zauna mini cikin ƙashi.

Biyu ta zama huɗu.
Huɗu ta zama kati guda.
Daga baya ba ta ƙara mini ko buhu ɗaya,
mutum kawai take mayar da ni
zuwa la'asar.

Akuyar Tumba ta tafi.
Na ce ɓarayi ne, har na taya ta cigiya.
Rediyon Baba ya tafi.
Ɗiyata Hantsi ta koyi jin takuna daga zaure,
ta san wanda za ta tarba
da wanda za ta ɓuya wa bayan randa.

Na faɗo daga kan katako da buhu a wuya,
jiki na karkarwa, baki na kumfa,
albasa ta watse har bakin kwalta.
Wasu suka ce iska ce.
Ni na san sunan iskar, na san kuɗinta.

A asibiti, can Birnin Kebbi,
wata ma'aikaciya mai tabo a gira
ba ta yi mini wa'azi ba.
Ta ce, "Nawa kake sha? Faɗi gaskiya, ba kotu ba ce."
Na faɗa. Ta rubuta.
"Ciwo ne, yana da magani, amma ba ya son gaggawa."

Dare tara ban san barci ba.
Tururuwa a ɓargo, zufa cikin sanyi,
hamma, hawaye ba na kuka ba,
ƙafafu na tafiya ni ina kwance.

Da na dawo, Tumba ta samo gwangwanin madara.
Duk wayewar gari, tsakuwa ɗaya.
Ba ta ce ta yafe akuyar ba.

Ran tsakuwa ta sittin da uku na koma wajen Labbo.
Ta gani a idona tun daga ƙofa.
Ta juye gwangwanin a tsakar gida,
ta share, ta shiga ɗaki.
Na kwana ina jiran a ce mini ta tafi gidansu.

Da asuba na ji ƙwal.
Tsakuwa ɗaya, a gwangwanin da ba komai.

Yau gwangwani na biyu ya kusa cika.
Labbo na nan, ya rame, yana buɗe wa sababbin yara hannu.
Mukan gaisa. Na gaya masa inda asibitin yake,
ya yi dariya, amma ya tambayi kuɗin mota.

Sha takwas nake ɗorawa yanzu.
Direba bai san sunana ba.
Baya na ciwo, ina jin sa sarai,
shi nake kaiwa gida da yamma
tare da ɗaurin alayyafo,
Hantsi kuma tana bakin zaure.