Shekara Tara

Takardar ta iso ranar da muka rufe makaranta:
kwas na kwana biyar a kurmin bayan Coruche,
na malamai da masu kula da gandun daji.
Ba zan ɓoye ba, don inuwa na sa hannu.
Shekara ashirin da biyu ina shaƙar alli,
ina koyar da lissafi ga yaran da idonsu ke kan taga.

Mu goma sha huɗu ne.
Malamai shida, sauran ma'aikatan daji masu manyan takalma,
cikinsu har da Zulmira,
mai hekta dubu a ƙarƙashin alƙalaminta,
wadda rabonta da shafa jikin itace
tun kafin a ba ta ofis mai fanka.

Malaminmu bai zo da allo ba.
Baltasar, tsoho mai yatsu tara,
gatari ya kawo, naɗe a tsumma kamar jinjiri.
Ya tsaya gaban wani itacen sobreiro,
ya ƙwanƙwasa a hankali, ya kasa kunne,
sai ka ce mai sallama a gidan da ake barci.

Ya ce, riga muke ara, ba rai ba.
In ƙarfe ya zarce da kaurin farce
ka bar miki wanda jikanka zai gada.

Ya tsaga, ya zura ƙota, ya banƙare.
Ɓawon ya saki da kukan tsohuwar ƙofa,
itacen ya tsaya tsirara, da danshi,
kafin mu tafi ya fara ja kamar garwashi.

Ya miƙo mini gwangwanin farin fenti.
Ke ce ta lissafi? Sa masa huɗu,
wutsiyar shekarar bana.
Ba mai sake nufo shi da gatari
sai tara ta cika cif.
Huɗu nawa na rubuta a allo na goge kafin ƙararrawa?
Wannan ce ta farko da za ta zauna ta jira.

Rana ta uku aka sa mu rarrafe.
Hekta guda, gwiwa a ƙasa, ƙaya a tafin hannu,
muna neman tsiron da zai gaji manya.
Taswirar Zulmira ta ce kurmin lafiya lau.
Bakwai muka samu.
Bakwai, biyu ma shanu sun cinye kansu.
Garma ta datse saiwa, kofato ya tattake saura.
Ba ta ce uffan ba har muka ci burodi da zaitun,
sannan ta koma bayan mota da waya a kunne,
na ji tana cewa kada tarakta ta shiga ranar Litinin.

Baltasar ya ƙirga mana da yatsun da suka rage:
ashirin da biyar kafin ɓawon fari,
shi kuwa bai isa toshe kwalba ba.
Tara, wani. Tara kuma, sannan na kirki.
Wanda ya dasa ranar haihuwar 'yarsa
bana ya fara biyan bashi,
ita kuma furfura ta fara leƙo mata.

An ba mu takardar shaida mai hatimi.
Tana cikin durowa, ƙarƙashin rasit ɗin wuta.

Da Nuwamba na kai ajina tsintar 'ya'yan itacen.
Yanzu kwalayen madara talatin na jere a taga,
kowanne da ƙasa, da suna,
karon farko da ban hana su kallon can ba.

Telmo, da bai taɓa ɗaga hannu ba, ya ɗaga.
Sha ɗaya da arba'in da uku, hamsin da huɗu.
Malama, ke fa?

Na ɗauki alli, na rubuta shekaruna,
na sa alamar tarawa,
na ja layi.
Ƙararrawa ba ta kaɗa ba.
Na ce, Telmo, naka ya bushe, je ka ɗebo ruwa.