Dala Ashirin, Fim Ɗaya

Rumfata na bakin kasuwar Tawa,
tsakanin mai cuku da mai gyaran salula.
Ordinater ɗaya, benci ɗaya, inuwa rabi.
Dala ashirin in zuba maka fim a karti,
in ka ba da jika, kai da barci sai wani sati.

Na san garin nan ta abin da yake kallo.

Barmu jandarma yakan zo da ƙarfin murya:
"Sa mini na yaƙi, wanda ake fasa gada!"
In benci ya watse sai ya sunkuyo,
gashin bakinsa na sosa mini kunne:
"Da wancan, na yarinyar da wasiƙarta
ta faɗa hannun ƙanen wanda take so."
Nakan zuba, in yi shiru.
Yau ne kawai bakina ya zame.

Inna Hajo ba ta jin yaren ko ɗaya.
Ta ce, "Ɗan nan, kunya ba ta neman tafinta.
Dubi yadda yake sosa ƙeya!
Haka marigayi ya tsaya ƙofar gidanmu
yana taya akuyar da ba ta sayarwa ba ce,
sai da rana ta faɗi."

Ni nawa zaɓin, in an tambaya,
wanda su biyu suka ƙi jinin juna tun a tasha,
mota ta mutu da su a daji,
ga gorar ruwa ɗaya, ga taurin kai biyu.
Na kalle shi ya fi sau talatin.
Na san inda zai zame,
na san inda za ta murguɗa baki,
na san ƙarshen kamar yunwar cikina,
amma in ya ruga a guje, mota ta ɗaga,
sai ƙirjina ya kama lugude,
wai ko yau zai makara.

Agali mai shayi ya ce duk ƙarya ce.
Ƙarya ce mana, wa ya musa?
Gaskiya ai ga ta nan, ta ishe mu:
kuɗin haya, kuɗin shinkafa,
hadarin da ya haɗu ya watse,
yayana da ya tafi Abijan, shekara uku ba kira.
A can kuwa alkawari ake maka tun farko:
za a yi wauta, za a sha kunya,
ba wanda za a kai kushewa.
Awa biyu, mai in-ina yana da rabo,
mai tsohon takalmi ma ana jiran sa.

Ran Lahadi Tsahara ta zo da kartinta,
mai albasar Galmi, layi na uku.
Na miƙe in nuna ni ma mutum ne,
waya ta harɗe ni,
na tafi da benci, da butar Agali,
na sauka a kwandonta, hula a gabas.
Ba kiɗa ya tashi, ba ruwan sama,
albasa ce kawai ke gangara har kwata.
Ta yi dariya sai da ta riƙe ginshiƙi.
Na tsince su duka. Uku sun ɓata, na biya.

Jiya ta dawo, fuska a ɗaure:
"Illo, fim ɗinka rabi ne.
Yana isa tasha ya yanke.
Ya same ta ko bai same ta ba?"

Ni da na kalla sau talatin
na dubi ƙasa, na sosa ƙeya,
na ce na manta,
ta zo gobe da la'asar mu duba tare.

Agali ya ƙware da shayi.
Shi kaɗai ya ga lokacin da na yanke shi.