Ɗigo-Ɗigo

A kasuwar Bazurto ta Cartagena
Eulogia ke fere mangwaro tun duku-duku.
Ƙarfe huɗu na yamma babur kan tsaya.
Wilfrido ba ya cire hular kwano,
kati yake miƙowa, mai gida ashirin da huɗu,
ya huda guda, ya wuce.

Ɗigo-ɗigo ake ce wa bashin.
Peso dubu ɗari biyu ta karɓa ran da firji ya mutu,
ba sa hannu, ba shaida.
Da ƙarin arba'in za su koma,
ko an yi ciniki, ko ƙuda ne kaɗai ya taya.

Sau ɗaya ta je banki, da takalmin coci.
Sanyin ɗakin ya yi mata daɗi.
Aka ce takardar fili? Ta albashi fa?
Ta buɗe tafin hannu,
kanta ce kawai a rubuce.

Jiya rediyo ya ce an rage kuɗin ruwa.
Dariya ta sa ta yanke yatsa.

Yau saura gida uku.
Wilfrido ya ɗaga gilashin hula, ashe yaro ne.
Ya ce, "In kin gama, akwai wani."
Ba ta tanka ba.
Rufinta na yoyo,
ga hadari ya haɗo daga teku.