Mararrabar Jega

Shekara huɗu ina karen motar Arzika,
muna jigilar albasa daga Aliero,
ido na hawaye, ba a yi mutuwa ba.
Bai taɓa yaba tuƙina a miƙaƙƙiyar hanya ba.
Ya ce miƙaƙƙiya ko jaki ya san ta,
a mararraba ake gane direba.

In daga lungu za ka hau babban titi,
baƙo ne kai, tsaya ka yi sallama.
In hagu za ka karya,
masu tunkaro ka su ke da hanya:
kunna sigina tun da nisa, ka jira,
bar na bayanka ya ƙarar da odarsa.
Shataletale kuwa rijiya ce,
gugan wani na ciki,
riƙe naka sai ya fito.

Wata ranar kasuwa
hanya tamu ce, na rantse tamu ce,
sai ga ɗan kabu-kabu ya yanko ba ko waige,
tsohuwa a bayansa rungume da tunkiya.
Arzika ya taka birki
har buhu uku suka fashe a kwalta.
Na leƙa zan ɗura ashar, ya cafke mini riga:
"Da gaskiyarka, Nomau.
Da mun bi ta kansu,
ita za ka kai wa jikokinta su ci?"

Muka yi ta tsintar albasa har la'asar.

Yau sitiyari na hannuna,
shi idonsa ya tafi, yana ƙofar gida.
Duk na iso nan,
ƙafata kan riga ni zuwa birki.